Ranar Laraba da aka riga aka cike layin Juma'a

Shekara tara ke nan ina manajan wani otal mai ɗaki 46 a Kano. Ba zan kama sunansa ba, saboda abin da zan faɗa har da tonon asirin kaina. In ka shigo, a bayan kantar karɓar baƙi, tsakanin hoton gwamna da agogon bango, akwai wata takarda cikin gilashi da aka rubuta wa ISO 9001:2015, wato shaidar ingancin tsarin aiki. A iya sanina baƙi uku ne suka taɓa tsayawa suka karanta ta, ɗaya daga cikinsu ma ya ɗauka lasisin sayar da abinci ne.

Makon jiya Alhaji mai otal ɗin ya sake ɗauko maganar da yake ɗaukowa duk bayan shekara uku, in lokacin sabunta takardar ya yi. Yana zaune a ofishina, takardar kuɗin a gabansa, ya ce, "Manaja, wai wannan takardar taka, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu." Ba don ban da amsa ba. Amsar ce ba irin wadda ake bayarwa a tsaye ba, kuma Alhaji mutum ne da ya yi arzikinsa a Kantin Kwari, in ka ce masa abu yana da amfani zai ce nawa ne.

Abin ya samo asali ne a 2018. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje tana neman inda za ta yi taron bita na kwana biyar, da kwana da ci da zauren taro. Irin aikin da in ka samu ɗaya, albashin wata biyu ya fita. Suka aiko mana da fom. Rijistar kamfani da takardar haraji muna da su. Daga nan sai aka shiga: yaushe aka duba tukwanen kashe gobara, ina shaidar gwajin lafiyar masu dafa abinci, yaushe aka wanke tankin ruwa, wa ke yi muku feshin ƙwari kuma da wane magani. Abin haushin shi ne rabin waɗannan abubuwa muna yin su. Tankin nan a gabana aka wanke shi. Amma yaushe? Na ce bayan Sallah, sitokifa ya ce kafin azumi. Babu ko guntun takarda. Aikin ya tafi wani otal da bai kai namu girma ba, wanda ni na san ko wurin ajiye mota na kirki ba shi da shi. Alhaji ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, daga baya ɗansa na biyu ya kawo shawarar a nemi shaidar inganci.

Kafin nan ni ma ina cikin masu rikita wannan da taurarin otal. Taurari maganar abin da ka mallaka ne: girman ɗaki, lif, wurin ninkaya, ko akwai abinci dare da rana. A ƙasar nan ma lamarin taurari ya daɗe a dagule. Gwamnatin tarayya, ta hannun hukumar yawon buɗe ido ta NTDC, ta yi ta jayayya da jihar Legas kan wa ke da ikon yi wa otal rijista da ba shi daraja, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2013 cewa hurumin jihohi ne. Ko da hukuncin, yawancin taurarin da kake gani a allunan otal-otal mai zanen allo ne ya ba da su. Na san wani da ya ƙara tauraro ɗaya ranar da ya sa tayil.

ISO wani abu ne daban. Ƙungiya ce mai hedikwata a Jeniba ta ƙasar Suwizalan, an kafa ta a 1947, aikinta tsara ma'auni. Ita da kanta ba ta ba kowa takarda. Masu bincike ne ke zuwa su duba ka da ma'aunin nata, in ka cika su ba ka shaida ta shekara uku, kuma duk shekara su dawo su leƙa. A Najeriya hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ce wakiliyar ƙasar a ƙungiyar, tana bayar da irin wannan shaida, akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu. Shi ISO 9001 ya fara fitowa a 1987, kuma tushensa wani ma'aunin Birtaniya ne na masana'antu mai suna BS 5750 na 1979. Shi ya sa da na zauna na karanta shi ban ga gado ba, ban ga tawul ba, ban ga miya ba. Sai a 2020 aka fitar da ISO 22483 wanda ya shafi otal kai tsaye. Namu dai, in ka tace shi, tambayoyi ne da ba sa barin mutum ya sha ruwa. Wa ke yin wannan aikin? Ta yaya ka san an yi? Ranar da ba a yi ba, me ya biyo baya?

Wata takwas muka yi muna shiri da wani mai ba da shawara da muka ɗauko daga Kaduna. Ba zan ɓata lokaci a kan wannan ba, fom ne da taro da gunaguni. Abin da nake so na faɗa shi ne ranar bincike, a 2019.

Odita ɗin, wato mai binciken, mace ce, dattijuwa, ba ta da yawan magana. Mun yi fenti, mun sayo furanni, na sa an goge gilashin ƙofa sau biyu. Ta shigo ko kallon furannin ba ta yi ba. Ta sha ruwa, ta ce, "Manaja, kai ni kicin ta ƙofar baya." Wato ta inda ake shigo da kayan miya daga 'Yankaba da nama daga abbatuwa. Muka bi ta wajen kwandunan shara, muka shiga. A jikin ɗakin sanyi akwai allo da muka rataya takardar auna sanyi, safe da rana da dare, kowane layi da sa hannu. Ina alfahari da wannan takardar, don ni na tsara ta. Ta cire ta, ta duba, ta kira yaron da ke da alhakin cike ta.

"Ɗana, yau wace rana?"

"Laraba, Hajiya."

"To wa ya auna sanyin Juma'a?"

Na karɓi takardar. An cike ta har daren Juma'a. Kowane layi digiri 4, 4, 4, da biro ɗaya, da hannu ɗaya, a zama ɗaya. Yaron ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage. Ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe jakarta ta fito da nata ma'aunin, ta sa a tsakiyar ɗakin ta rufe ƙofa, muka tsaya shiru kamar masu jiran sakamakon asibiti. Da ta buɗe, 11 ne. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa ita ce abin da ke buƙatar sanyi ya zauna ƙasa da digiri 5, dafaffen abinci mai jiran ci kuma ya haura 60, don tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Kaji 30 ne a ɗakin nan, da kifi, da madarar da za a yi wa baƙi shayi gobe.

Nan take na ce zan kori yaron. Ta ce, "Kafin ka kore shi, ka tambaye shi me ya sa." Ta rubuta mana babban saɓani, wato mun saɓa wa ma'aunin sosai, ta ce babu takarda sai mun gano tushen matsalar mun kawo shaidar gyara, kuma "an ja wa ma'aikaci kunne" ba tushe ba ne.

Da daddare na zaunar da shi. Ya ce, "Yallaɓai, da farko gaskiya nake rubutawa. Da safe nakan ga 10, na ga 12. Na kai wa Baba, ya ce in na rubuta haka za a ce shi ne bai iya aiki ba." Baba shi ne babban kukunmu, ya girme ni da kusan shekara ashirin, tun ana harsashin ginin yake tare da Alhaji. Na je wajensa. Ya ce, "Manaja, ai kai ka ce daga sha biyun dare a koma ƙaramin janareta." Haka ne. Ni na ba da umarnin, don a rage shan dizal. Abin da ban taɓa tambaya ba shi ne waɗanne layuka ne ƙaramin ke ɗauka. Yana ɗaukar fitilun allon waje, yana ɗaukar famfon ado da ke tsakar fili yana ta feshin ruwa babu mai kallo, amma ɗakin sanyi ba ya kansa. Duk daren da aka ɗauke wuta, daga sha biyu zuwa asuba naman nan a zaune yake yana jira. Shekara biyu muna zubar da kaji, muna zargin mai kawo su, mun ma canza mutum biyu a kan haka. Sau ɗaya har na sa an caje jakunkunan ma'aikata. Ruwa ba ya tsami banza, amma ban taɓa zaton ni ne tsamiyar ba.

Gyaran bai ci kuɗin da ya kai na furannin da muka sayo ba. Mai gyaran wuta ya mai da layin ɗakin sanyi kan ƙaramin janareta, aka cire famfon ado. Yaron yana nan har yau, shi ne mataimakin sitokifa. Abin da na ƙara shi ne na tara su na ce duk wanda ya rubuta mummunar lamba ta gaskiya babu abin da zai same shi, wanda ya rubuta kyakkyawa ta ƙarya shi ne zai tafi. Sun ɗauki wata da watanni kafin su yarda da gaske nake.

Na biyu da ya buɗe mini ido shi ne littafin koke. A da, in baƙo ya sauko ya ce babu ruwan zafi, yarinyar kanta za ta ce, "Don Allah a yi haƙuri, yanzu za a kawo," a hau da bokiti. Baƙo ya yi wanka, magana ta mutu. Mu da "a yi haƙuri" muke gyaran famfo, da shi muke gyaran esi, da shi muke korar sauro. Kuma mutanenmu suna da kawaici, ba za su yi maka rigima ba, sai dai ba za ka sake ganinsu ba. Da aka tilasta mana rubuta kowane koke da lambar ɗaki da lokaci, cikin wata biyu na hunturu sai ga abu ya fito ɓaro-ɓaro: kusan duk kukan ruwan zafi daga ɗakuna huɗu ne na ƙarshen bene na biyu, kuma tsakanin sallar asuba da ƙarfe bakwai. Bututu ɗaya ne ya toshe da gishirin ruwan burtsatse. Kowa a otal ɗin ya san "wani lokaci ruwan zafi yana ba da matsala". Babu wanda ya san ɗaki huɗu ne, don wanda ya ji koken Litinin ba shi ne ya ji na Alhamis ba.

Akwai abin dariya a ciki ma. Mai ba mu shawara ya kawo fom-fom da Turanci, alhali rabin masu gyaran ɗaki da masu wanki ba sa karanta shi. Muka mai da su Hausa, wasu muka sa hoto: gado, tawul, sabulu, buta, darduma, alamar alƙibla, a yi maki a gaban kowanne. Dattijon da ke mana wanki da guga kuwa ya ce shi da ajami zai riƙa rubuta adadin zannuwan gado. Na yi ta fargabar abin da odita za ta ce. Ta sa ya karanta mata shafi biyu, ta ƙirga zannuwan da ke kan kanta, lissafi ya yi daidai, ta wuce. Ta ce ma'aunin bai ce sai da wane harshe ba. A duk otal ɗin, littafinsa ne kaɗai ba a taɓa kamawa da kuskure ba.

To, kuɗi fa, tunda shi Alhaji ke tambaya?

Gaskiyar da zan faɗa masa ita ce takardar ba ta kawo baƙo ɗaya daga titi ba. Ɗan kasuwar da ya taso daga Maraɗi ko Damagaram ko Injamena zai yi sari a Kwari da Singa, tambayarsa uku ce: akwai wuta, akwai ruwa, motata za ta kwana lafiya? Masu biki suna tambayar girman zaure da ko za a bar su su shigo da nasu abincin. Masu zuwa kallon hawan Sallah ɗaki kawai suke nema, ko wane iri. Matasa kuma Google da Booking.com suke dubawa, su karanta abin da wanda ya kwana jiya ya rubuta, kuma maganar mutum ɗaya da ya ga kyankyaso ta fi musu duk wani hatimi na Jeniba. Ba mu taɓa iya ƙara ko naira ɗaya a kuɗin ɗaki da sunan muna da ISO ba. Duk wanda ya ce maka za ka yi haka, yana da abin da yake son sayar maka.

Inda ta yi aiki a fili shi ne wajen ƙungiyoyi da bankuna da kamfanoni masu aiko da fom. Su ma ba kasafai suke cewa dole sai kana da ita ba. Abin da ya canza shi ne duk abin da suka tambaya yana cikin fayil ɗaya a ofishina, da kwanan wata da sa hannu. Jami'in tsaronsu ya zo ya ce a nuna masa ƙofar gudun gobara, a buɗe take, ba a jibge tsofaffin katifu a bayanta ba kamar da. Haka in duba-gari suka zo, ko 'yan kwana-kwana, ba a guje-guje, ba a kuma neman "yadda za a yi". Wannan kaɗai ya rage mini hawan jini.

Sauran amfanin kuɗin da bai fita ba ne, kuma shi ne mai wuyar nuna wa mai dukiya, don babu rasit na kazar da ba ta lalace ba. A watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar masu Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, otal-otal da yawa sun rikice. Mu ma mun ji a jikinmu. Amma muna da littafin shekara biyar na awa nawa janareta ya yi kowace rana, lita nawa ya sha, ɗaki nawa ke da mutum a daren. Da shi muka gane cewa in baƙi ba su kai rabi ba, gara a tara su a bene ɗaya a kashe ɗayan gaba ɗaya. Abu ne mai sauƙi, amma da ka ba za ka iya lissafa shi ba. Haka lokacin kullen korona a 2020, da muka sallami kusan kowa, muka dawo da sababbin ma'aikata fiye da rabi. Da a da ne, da aikin ya tafi da waɗanda suka tafi, don komai a kan mutane yake. Wannan karon akwai rubutaccen yadda ake komai, har awon kayan miyar taushen Baba, wanda sai da na yi wata uku ina lallashi kafin ya yarda a auna. Ya ce hannunsa ne ma'auni. Na ce, "Baba, hannun nan ba za ka bar mana shi ba in ka tafi hutu." Ya yi ritaya bara. Miyar ba ta kai tasa ba, amma ba ta canzawa daga Litinin zuwa Talata.

Ba zan ɓoye illarta ba. Takardu sun yi yawa, musamman a shekarar farko da muka ɗauka yawan fom shi ne inganci. Akwai lokacin da shugabar masu gyaran ɗaki ta fi daɗewa a kan tebur fiye da cikin ɗakuna, sai da muka zubar da kusan rabin fom ɗin. Sannan duk yaron da ka horar ya iya, ya san ƙa'ida, manyan otal-otal na Abuja suna jiransa, kai ka zama makaranta kyauta. Kuma akwai abin da babu ma'aunin da ke kamawa. Ana cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Muna da wata ma'aikaciya da ba ta taɓa tsallake layi ɗaya a fom ba, amma in ta ce maka "barka da zuwa" sai ka ji kamar bashi ka zo nema. Odita ba za ta taɓa rubuta mata saɓani ba. Ni na mai da ita ofishin lissafi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu sayar da takardar kamar katin waya. An taɓa zuwa har ofishina aka ce a ba da kaza, cikin mako ɗaya za a kawo satifiket da firem ɗinsa, babu mai zuwa ya dame mu. Na san otal ɗin da suka saya. A bango tasu da tamu iri ɗaya ne, tasu ma ta fi ƙyalli. Wannan kitso ne a kan ƙwarƙwata, kuma su ne ke sa irin su Alhaji suke ganin duk abin wasan yara ne. In kai mai shirya taro ne aka nuna maka irin wannan takarda, duba sunan wanda ya bayar, ka duba ko shi ma akwai hukumar da ta tantance shi, kamar NiNAS a nan gida ko UKAS ta Birtaniya. Duba ranar ƙarewa. Duba abin da shaidar ta ƙunsa, don wani zauren taro kawai aka duba masa amma ya rataya ta kamar har kicin. In duk wannan ya yi maka yawa, ka ce a kai ka kicin ta ƙofar baya, ka nemi takardar auna sanyi. In ka ga lambobin suna hawa suna sauka, da biro kala-kala, da wani wuri da aka rubuta 9 aka ja layi aka ce an kira mai gyara, ka kwantar da hankalinka. In ka ga 4 tun daga sama har ƙasa, ka ci biredi da shayi kawai.

Jiya na koma wajen Alhaji. Ban kai masa dogon bayani ba, littattafai biyu na ɗauka, na kayan da aka zubar a 2018 da na bara, na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana bin lambobin da yatsa. Sai ya ce, "To ai yanzu kun iya. Me zai hana ku ci gaba da rubutunku, mu huta da biyan masu zuwa duba mu?"

Tambaya ce mai kyau, kuma na yi ta tunaninta a hanyar gida. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ni na san kaina. In na san babu mai zuwa, wata shida ya yi yawa za ka ga an fara cike layin Juma'a ranar Laraba, kuma ni ma ba zan duba ba." Ya yi dariya, ya ce zai yi shawara da ɗansa. Bai sa hannu a cekin ba tukuna. Masu binciken dai sun ce farkon wata mai zuwa, kuma ɗazu da na zagaya na tarar tukunyar kashe gobara ta bene na biyu wa'adinta ya wuce da kwana 9.